Gwangwanayen da Suka Riga Ni Isa Gida

Ana sallame sallar asuba ranar Talata muka kama hanyar Katsina, ni da maƙwabcina na lambu, a bayan akori-kurar garinmu. Tun da na dawo kuka dame ni da tambaya, to ga labarin. Mai dariya ya yi abarsa, ni dai har yau ban samu bakin yinta ba.

Buƙata biyu ta fitar da ni. Iyalina ta sauka, an samu ɗiya mace, suna ya matso, dole in haɗo goro da atamfa da sabulu. Ta biyun kuwa aya-aya ce. Kowane mai lambu ya san ta, ka nome ta da safe, da yamma ta leƙo tana yi maka barka da aiki. Bara ta shaƙe mini fangalin renon albasa har sai da na sayi dashe a hannun mutane, abin da mahaifina bai taɓa yi ba. Ga shi babu 'yan ƙwadago, samarin garinmu duk sun watse birni dakon siminti tun da kuɗin mai suka buɗe. Da na ji malaman gona za su nuna maganinta a gonar gwaji ta bayan ganuwa, sai na haɗa tafiyar.

Hanyar rabi kwalta ce, rabi alkawari. Tifa-tifai sai wuce mu suke yi kamar za su kwashe mu, direbanmu kuma tun da aka yi canjin hannun tuƙi bai gama yarda da shi ba, in ya ga fili sai ya koma tsohon hannunsa. Da hantsi muka sauka a tashar Ƙofar 'Yandaka. Maƙwabcin nawa ya ce zai leƙa wurin masu sayar da babur ya dawo yanzu. Ko kuɗin keke ba shi da su, amma na ƙyale shi.

A gonar gwaji na tarar da masu lambu sun kewaye wani malamin gona, dogo, mai magana a hankali. Fangali huɗu ya nuna mana. Na farko da hannu ake cire masa ciyawa, ya yi kyau, sai dai kowa ya san bayan da ya sha wuya. Na biyu an tula masa kara an cinna wuta kafin shuka, irin yadda kakanninmu ke yi. Ƙananan ciyayi sun mutu, amma aya-aya da yake 'ya'yanta na can ƙasa ta fito jefi-jefi. Na uku an jiƙa shi an lulluɓe da farar leda tun cikin bazara, rana ta dafa ƙasar. Ya ce wannan sabon gwaji ne, yana son haƙuri, ledar kuma da tsada. Na huɗu kuwa tas yake kamar an wanke faranti, ko tsinke ɗaya babu. Nan idona ya tsaya.

Sai ya ɗauko maganin. Ɗan gwangwani ne, iska ce a matse a ciki. Ya ɗora shi a kan katako mai ƙusa, aka rufe fangali da leda, aka danne gefuna da ƙasa, ya kore mu can inda iska ke fitowa, sannan ya taka gwangwanin ta saman ledar, ƙusa ta huda shi, ya taho da sassarfa. Bayan haka ya kai mu wani fangalin da aka yaye wa leda. Kwaɗi ne da tana da wani ƙaton ɓera, duk a sandare. Ya ce, "Jama'a, wannan ba ya tambayar wane ne ciyawa, wane ne mutum. Da ƙyar ake jin warinsa. Wanda ya shaƙa zai iya tashi ya yi ta harkarsa, sai can anjima ya faɗi. Kada a kai shi ɗaki, kada ya kusanci wuta."

Na ji tsoro, amma kwaɗayin fangalin nan ya fi ƙarfin tsoron. Gwamnati ta sauƙaƙa kuɗinsa, na karɓi guda huɗu. Da yake kwalinsu na asali rabawa aka yi tsakaninmu, sai na roƙi wani mai kanti kwalin madara da ya zama fanko, na jera su, na ɗaure da igiya. A tasha na tarar da maƙwabcina ya dawo daga kallon baburansa. Na danƙa masa kwalin, na ce maganin ciyawa ne, kada ya bari kowa ya taɓa, ni zan shiga kasuwa.

Kasuwar Katsina yanzu sai mai ƙarfin zuciya. Atamfar da na saya wa babbar 'yata bara waccan ta ninka, mai shagon kuma ko kallona bai yi ba, don ga ma'aikata a bayana suna miƙa sababbin naira ba ciniki. Ko'ina gwangwani ne, na kifi, na tumatir, na madara, an jera har rufi. Na haɗa kayan suna, na ba ɗan dako ya kai tasha, ni kuma na ratsa ta unguwar Gobarau na yi azahar, na ci wainar wata tsohuwa da miyar taushe. Wainar ta yi daɗi, wannan kam ba zan ci amanarta ba.

Da na koma tasha babu motar garinmu. Maƙwabcina na zaune a inuwa yana shan rake, hannu rabbana. Ya ce mota ta cika da wuri, shi ya tsaya jirana don zumunci, kaya kuwa duk ya loda, da goron da kwalin, direba zai sauke su a ƙofar gidana kamar yadda ya saba. Ya ƙara da cewa, "Ai a mota ba mai taɓawa."

Na faɗa masa maganar da ba zan maimaita ba. Ku duba dai: gidan da ake shirin suna, kayan maigida sun iso daga birni, a ciki ga kwalin madara. Innata ba ta jiran kowa wajen kwance tsaraba, haƙƙinta ne tun ina yaro. Rubutun jikin gwangwanin na Turanci ne, gidanmu babu mai karanta shi. Kuma yaya muke buɗe madara in ba da tsinin wuƙa ko ƙusa ba? Na san kuma inda na farko zai nufa. Ɗakin mai jego, mai ƙaramar taga a toshe da tsumma, da gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, da jaririyar da ko suna ba ta samu ba.

Ɗan kamasho ya ce wata motar sai gobe. Na fita bakin titi ina ɗaga wa duk abin da ke da taya hannu. Wata tifar yashi ta tsaya, muka haye sama. Ban san tifa na da nawa haka ba sai ranar, duk ramin da ta rage gudu sai in ji kamar in sauka in tura ta. Addu'ar da na iya duk na karanta, wadda ban iya ba na kama farkonta. Sai da muka yi nisa maƙwabcina ya ce a hankali ko Allah zai sa motar ta lalace a hanya. Tun da nake ban taɓa yi wa motar garinmu fatan lalacewa ba, ranar na yi, na kuma riƙa leƙen kowace inuwa ko zan gan ta a tsaye. Ranar ce kawai ta ga damar tafiya lafiya.

A mararraba tifar ta sauke mu. Wani malamin makaranta mai sabon babur ya dubi fuskata, bai tambaye ni komai ba ya ce in hau. Maƙwabcin nawa a nan na bar shi. Muna shiga gari bayan la'asar na kasa kunne ko zan ji kuka. Ban ji ba, amma hankalina bai kwanta ba, don maganar malamin gona na nan a kunnena, mutum zai yi ta harkarsa sai can anjima.

Ban yi sallama ba. Ga kwalin a tsakar gida, igiya a kwance, gwangwani uku a ciki. Inna na rarraba goro a faifai, ta ɗago ta ce, "Kai kuma lahiya? Madarar taka ma mai taurin kai ce. Na kai wa yarinyar nan ɗaya a zuba mata a kunu."

A gaban Inna da mata 'yan barka na faɗa ɗakin jego, abin da ko a mafarki kunya ba za ta bar ni ba. Ɗakin ya ɗau zafi. Gwangwanin na bakin gado, daidai inda wutar ke huci, jaririya na barci kusa da shi. Na sure shi, na ji shi da ɗumi. A murfinsa ga shaidar tsinin wuƙa har wuri biyu, ya lotsa amma bai ɓule ba. Iyalina ta ce, "Malam, wuƙar ce ta lanƙwashe. Na aika a samo ƙusa."

Na fita da shi a tafin hannu, ban tsaya ba sai ƙarshen fadama, na dawo na kwashe sauran. Sannan na sa aka fito da mai jego da jaririyar waje, aka cire tsumman taga. Inna ta fara faɗan na kunyata ta a gaban baƙi. Da na gaya mata abin da na gani a ƙarƙashin ledar nan, sai ta saki faifan, ta zauna a ƙasa. Ta dubi hannunta ta ce, "Ni da kaina na miƙa mata."

Har gari ya waye muna duba numfashin yarinyar, Allah ya tsare, an yi suna lafiya. Gwangwanayen na mayar wa malamin gona, a kan cinyata na riƙe su har Katsina.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, fangalin gwaji a bayan ganuwa yake, ba kowa kusa da shi sai wanda ya san abin. Nawa lambun kuwa hanyarsa ta tsakar gidana ta bi, duk abin da zan kai can sai ya ratsa hannun Inna da iyalina da yara. Bana kara zan ƙona, in na samu hali in gwada ledar rana, abin da ya saura in durƙusa in cire da hannu. Inna kuwa tun ranar ba ta sake kwance kayana ba, ko goro na kawo sai ta aika a kira ni.