Ranar Da Gwaggo Ta Sauke Tukunyar Pongal

Ko tsufa ya kwashe mini komai, safiyar nan a unguwar Ras Al Khor ta Dubai ba za ta fita daga kaina ba. Lokacin ina aiki a wani sito na kargo, direbanmu kuwa dattijo ne ɗan Tamil daga kudancin Indiya, mutum mai fara'a.

Tsakiyar Janairu ya gayyace ni bikinsu na Pongal. Ya ce godiyar girbi ce: manomi na gode wa rana da ƙasa da shanun huɗa. Na ce ni kallo zan yi daga gefe. Gwaggona da ta zo sari daga Kano ta ce ƙafarta ƙafata. Gwaggo kuwa, mace ce da ko ƙanzo ba ta yarda a zubar.

Muka tarar shi da 'yan ƙasarsu sun kafa murhu a bayan sito, sun jingina rake, sun ɗora tukunyar ƙasa cike da madara. Ga sabuwar shinkafa daga gonarsu, ga mazarƙwaila. Dattijon ya kira tsohuwarsa a ƙauye, ya ɗaga wayar sama. Bara gonar ba ta yi ba, tsohuwar duk ta karaya, yau so yake ta ji an buɗe shekara da kyau.

Madara ta fara tasowa, maza suka zuba mata ido. Sai Gwaggo ta zabura.

"Kai, maza dai! Kuna kallo za ta zube?"

Kafin in riƙe ta, ta sa gefen mayafi ta sauke tukunyar, har da hura kumfar. Ta juyo tana jiran godiya. Ban taɓa ganin fuskoki sun faɗi haka ba. Dattijon ya rufe bakin wayar da hannu, ya ce mini a hankali, "Habibi, zubar ake jira. In ta tumbatsa, shekara ta yi albarka. Mama na saurare."

Na fassara wa Gwaggo, kunya kamar in nutse.

"Da gangan? Ikon Allah! To matsa, ɗan nan."

Ta mayar da tukunyar, ta gyara itace, ta yagi kwali ta hau fifita tana mita. Madara ta taso, ta tumbatsa ta ko'ina. Maza suka ɗauki kirarin bikin, "Pongalo Pongal!" Gwaggo kuwa daɗi ya kwashe ta, ta rangaɗa guɗa irin ta kai amarya.

Sai muka ji wata siririyar guɗa tana amsawa daga cikin wayar. Ashe su ma matansu guɗa suke yi a daidai wannan lokacin, kuma tunda dattijon ya zo Dubai babu macen da ta taɓa yi masa. Ya tsaya da waya a hannu, hawaye na bin gemunsa. Ni ma sai da na kau da kai.

Tun ranar na koyi cewa in ka shiga cikin mutane, ka tambaya kafin ka kai hannun gyara. Abin da kake gani asara, wani shi ya shekara yana jira.