Ruwan Lome a Kaset ɗin Inna

Ranar wata Alhamis ce bayan la'asar, a ƙarshen watan Zulhajji, cikin shekarun saba'in. Mu uku ne a soron gidanmu na unguwar Aƙiƙ a Madina: ni da Inna da ƙanena. Wani alhaji daga Togo ya kawo mana kaset daga ƙanwar Inna, wadda ta rage a zangon Lome tun lokacin da iyayena suka taho hajji suka zauna.

Muryar ta tsufa. Ta ce jiki ya ƙi, tana so Inna ta biyo alhazai ta zo su ga juna. A bayan muryar kuwa ruwan sama ne yake dukan kwanon ɗaki, a hankali, ba ya yankewa.

"Mayar da shi baya," in ji Inna.

"Maganar kike so, ya ummi?" ƙanena ya tambaya da Larabci.

"Maganar na ji ta. Ruwan nake so."

Ta lumshe ido. Ta ce ƙasar Togo siririya ce kamar ƙyallen saƙi, kanta a busasshiyar arewa, ƙafarta a cikin teku. Ta ce a bakin tekun damina biyu ake yi, babba da ƙarama, wannan ƙaramar ce. Akwai tafki kwance a bayan yashi, da itatuwan kwakwa da suka karkace saboda iska, kuma wanki yakan kwana a igiya bai bushe ba.

"A nan kafin ki juya ya zama kilishi," in ji ƙanena, wannan karon da Hausarsa mai ɗingishi.

Ta yi dariya, amma ta gajarta. Mun san abin da ke ranta. Ta bar komai ne domin ƙasar Madina ta rufe ta, kuma tana tsoron ajali ya riske ta a hanya ko a can.

Ana gab da tashin alhazan sai hadari ya haɗu a kan dutsen Uhudu, kwarin Aƙiƙ ya kawo ruwa. Mutanen gari suka fito da tabarmi da shayi kamar yadda aka saba. Inna ta ce in ɗauko rakoda. Na tsuguna a bakin kwarin, na juya kaset ɗin, na danna maɓallin ɗaukar murya. Ruwan ja ne, yana jan tsakuwa. Inna ta bar rakodar ta ɗauki ƙarar ruwan tukuna, sannan ta yi magana.

"Ƙanwata, ga namu ruwan. Ba ya kwana. Ki yafe mini, ba zan iya tasowa ba."

Alhajin ya tafi da kaset ɗin. Da hajji ya zagayo aka kawo mana labarin rasuwar ƙanwarta, aka ce ta saurari kaset ɗin kafin ta cika. Inna ta rasu bayan shekaru, aka binne ta a maƙabartar Baƙi'a.