Damin da Na Hana

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana bununi, matata tana da cikin ɗanmu na uku. A gidanmu, nan kusa da Jabo, mace ba ta leƙa rumbu. Maigida ke hawa, ya fiddo dami, ya ba da abin da ya ga dama. Ni kuwa na rage hannu, na ce tsoron bazara nake yi. Akwai wannan, amma akwai kuma bijimin da nake kiwatawa, wanda nake jiƙa wa dawa a bayan gida.

Yaron ya zo ɗan mitsitsi. Ya girma gajere, mai saurin gajiya, ga shi ciwon suga ya kama shi tun bai kai hamsin ba. Shekara da shekaru magana ɗaya nake yi: jinin gidan uwarsa ne, danginta na Kebbe duk haka suke. Na faɗa a gaban baƙi, na faɗa a gabanta. Ba ta taɓa tanka mini ba.

Bara 'yar wannan ɗan nawa, mai karatun jinya, ta zo hutu. Ta same ni a zaure ina tufka igiya.

"Tsoho, kai da ke cewa komi jini ne, malamanmu sun ce ba nan zancen ya tsaya ba."

"To amarya, ina ya tsaya?"

"Gadon yana nan. Amma abin da uwa ta ci ko ta rasa tana da ciki yana iya danne wani abu a jikin ɗa, ya tada wani. Yunwa kan bar tabon da mutum zai tsufa da shi."

Igiyar ta suɓuce mini. "Wa ya aiko ki?"

Ta fashe da dariya. "Littafi ya aiko ni, miji mai rowa!"

Rowa. Na san jikoki haka suke tsokanar kakanni, amma me ya sa wannan kalma, kuma a ranar? Mako guda ina sa ido. In na ga ita da kakarta suna tsinkar zogale suna magana ƙasa-ƙasa, sai in ce da ni suke. Na zargi ɗana. Na zargi malaman nata ma, na ce su dai ba su rasa abin faɗi.

Da yarinyar ta koma, na tari matata tana tankaɗe.

"Ke kika ba ta labarin shekarar fari?"

"Wane labari, Malam?"

"Na rumbu."

Ta aje rariya. "Da faɗi zan yi, sai na jira furfura? Ban gaya ma kowa ba. In magana ta dame ka, mai ita yana gidansa."

Ranar Juma'a na je gidan ɗan nawa. Na tarar da shi yana haɗiyar maganinsa. Na gaya masa komai, ban rage ba. Na ce ban sani ba ko abin da 'yarsa ta faɗa ya hau kansa, ita ma ta ce ba a iya rantsewa a kan mutum ɗaya. Abin da na sani, uwarsa ta kwana da yunwa rumbuna cike, kuma na ɗora wa danginta laifin.

"Ya wuce, Baba," ya ce, ya tashi ya kawo mini ruwa.

Kullum da safe yana zuwa gaishe ni, ya durƙusa kamar da. Ina duban fuskarsa. Har yau ban gane ba ko yafewa ya yi, ko kunya ce ta ɗa da uba.