Ranar da Yaya Ya Rage wa Mota Nauyi

Motar Babanmu doguwa ce, koriya, ƙirar Amurka, irin wadda idan ta shigo lungunmu na Ruwais sai masu tafiya a ƙasa sun manna bayansu da bango. Da ita yake jigilar alhazai tsakanin Jidda da Makka, da ita muke ci. A farkon shekarun saba'in ne, ina ajin ƙarshe na firamare, yarinyar da ko malama ta kira sai ta maimaita kafin a ji amsa. Amfanin wannan hali guda ɗaya ne: mutane sukan manta ina wurin, su yi abin da suka ga dama a gabana.

Akwatin bayan motar, wanda mu a Jidda muke kira shanɗa, bai taɓa ɗaukar kayan fasinja ba. Kayan fasinja a saman mota ake ɗaure su. Shanɗa ta ajiya ce. Al'adar gidajenmu ce alhaji ya sauka wurinka, ya yi sayayya, ya bar maka kayan ya tafi ziyara Madina, in ya dawo ya karɓa. Wani dattijo mutumin Katagum ya bar wa Baba kawunan keken ɗinki, da ƙaramin injin niƙa, da tukwanen ƙarfe masu kauri, ya ce daga Madina zai biyo. Har na shiga makaranta na iya karatu bai biyo ba. Gidanmu ƙarami ne, laimar teku kuma tana cin ƙarfe, sai Baba ya naɗe kayan a barguna ya jera su a shanɗa ya kulle. Kayan nan sun fi mai su zuwa Makka nesa ba kusa ba. Idan Umma ta ce a fitar da su ko don a samu wurin buhun shinkafa, amsar Baba ba ta canzawa: "Amana ce. In ya zo gobe fa?"

A kan wannan motar Yayana ya koyi tuƙi, da amanar a bayanta. Bai cika ashirin ba, yana aiki a shagon guga na kawunmu a Sharafiyya, aikin da ya tsana har ba ya son jin warin gawayi. Shekarar da ciwon baya ya matsa wa Baba, ya kira shi ya ce:

"Ga makulli. Ka riƙa kai mahaifiyarka kasuwa, kana kai wannan makaranta. In aka shiga watan aikin hajji babu ko ƙwarzane a jikinta, kai za ka yi jigilar bana. In kuwa na ga ƙwarzane, dutsen guga yana nan, bai huce ba."

Yaya ya karɓi makullin da hannu biyu, kamar an ba shi sarauta. Kafin sati ya zagayo ya zama malamin mota. Ko miya Umma take zubawa sai ya yi mata bayanin birki.

Arewa da unguwarmu, inda gidaje suka ƙare, akwai wani shimfiɗaɗɗen fili na gishiri da ake kira sabkha. Samansa fari ne, a bushe, da tauri, amma in ka kauce daga inda aka tattaka, ƙarƙashinsa baƙin taɓo ne mai wari. Nan samari suke taruwa ranar Juma'a bayan la'asar su yi tseren mota. Motocin iyayensu ne da na iyayen gidansu, waɗanda duk aka fita da su da sunan za a kai wanki. Sun ajiye ganguna biyu cike da yashi, ɗaya can ɗaya nan, ana zagaya su. A miƙe kowa jarumi ne. A wurin shan kwanar gangar ake sanin wanda tayarsa ta kama ƙasa da wanda zai koma gida yana shirya ƙarya.

Kafin Yaya ya shiga tseren sai da ya yi ta gwaji shi kaɗai, kuma ni ce shaida, don daga makaranta yake biyowa da ni ta can. Yakan taho wa gangar a guje, ya taɓa birki, ya murɗa sitiyari, motar ta kwanta gefe ɗaya ta zagaya lafiya lau, kamar tana bin layin dogo. Ni kuma kaina ya bugi gilashi.

"Kin gani, ustaza? Ko gezau. Hannu ne wannan. Ana koya muku shi a makarantarku?"

"A'a, Yaya."

"Ai na sani."

Wanda ya addabi samarin filin wani saurayi ne, Bahaushe, iyayensa daga Sudan suka zo, yana aiki a wani gareji a Kurayyat. Motarsa tsohuwa ce, ƙofa ɗaya launinta daban, salansarta da waya aka ɗaure ta. Ba ya yawan magana, shi ya sa Yaya ya yanke hukuncin cewa girman kai ne da shi.

Ranar da Yaya ya zaɓa, ya gaya wa Baba zai kai ni gaida Gwaggo a Kurayyat. Gwaggo ba ta san tana da baƙi ba, kuma ba ta samu labari ba sai bayan babbar salla. Muka fara tsayawa wurin mai faci, Yaya ya ce a ƙara wa tayoyin iska, wai taya mai tauri ta fi gudu.

"Ƙara," in ji Yaya.

Mutumin ya ƙara.

"Ƙara dai."

"Ya walad, kai yaro, taya ce fa, ba kalangu ba."

"Motarka ce?"

Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ƙara masa.

Da muka isa sabkha, Yaya ya fito da babbar dabarar da ya kwana biyu yana ɓoyewa. Ya buɗe shanɗa. Ban taɓa ganinta a buɗe da rana tsaka ba, warin man keke da tsohon bargo ya taso. Shi da abokansa suka yi ta ciccibo kayan suna nishi, kawunan keke, injin niƙa, tukwane, har da tayar safaya, suka tara a gefe.

"Dubi abin da nake ja duk kwanakin nan," in ji shi. "Da wannan kayan ma ina shan kwana haka, ina ga babu su? Ke, ustaza, hau kai ki zauna. Kowa ya taɓa ki yi ihu."

Ihu. Ni. Na dai hau na zauna a kan injin niƙa, na ja mayafina.

Daga inda nake na ga abin da ban taɓa gani ba. Bayan motar ya ɗaga. Da can rabin tayar baya a ɓoye take cikin jikin motar, yanzu ga ta duka a fili, har da wani wuri a samanta da zan iya zura kaina. Ta yi kama da akuyar da ta sunkuya shan ruwa.

"Yaya," na ce, "bayanta ya tashi sama."

"Shi ake kira sauƙi. Ki rubuta a littafinki."

Saurayin Sudan ya zo ya tsaya, hannuwa a baya, ya dubi tulin kayan, ya dubi motar, ya dubi Yaya.

"Ƙaura za ku yi?"

"Ƙaura zan yi daga gabanka, ya zol," in ji Yaya, yana kiransa yadda mutanen Sudan suke kiran juna. "Ka riƙe salansarka da kyau, kada iskata ta ɗauke ta."

"Da kayan ka saba tuƙa ta?"

"Ina ruwanka?"

"Babu. Yalla, mu je."

Wani ya cire hiramin kansa ya kaɗa, suka tashi. Tun a tashin na ga tayoyin bayan motarmu suna juyawa a wuri ɗaya suna watsa farin gishiri, ita kuwa ba ta tafi ba, sai da ta gama shawara. Amma injinta babba ne, kafin a kai gangar farko ta kamo ta ɗan Sudan ta wuce. Yaya ya taɓa birki ya murɗa kamar yadda ya saba. Gaban motar ya bi umarni. Bayanta kuwa ya ce shi ba da shi aka yi wannan maganar ba, ya zame waje, ya yi ta tafiya a karkace yana tayar da ƙura. Da ƙyar ta miƙe. Samari suka ɗauki sowa, sun zaci salo ne. Abin takaicin shi ne Yaya ma ya zaci salo ne. Na ga hannunsa ya fito ta taga yana ɗaga musu.

Saboda haka ya taho wa ganga ta biyu da gudun da ya fi na farko. Ita ce ta kusa da ni, na ga komai. Na ga fuskarsa lokacin da bayan motar ya fara wuce gabanta, bakinsa a buɗe, hannuwansa suna ta juya sitiyarin da ba ya juya komai. Ta wulwula, ƙofar baya ta daki gangar da wata ƙara kamar an jefar da tukunya a rijiya, sannan ta ci gaba da baya da baya har ta sauka daga tauri ta zauna cikin taɓo. Ɗan Sudan ya zagaya gangar a hankali, kamar mai kai amarya, ya tsaya ya fito.

Yaya bai ji ciwo ba. Ya fito, taɓo har idon sawu, yana kallon ƙofar. Ba ƙwarzane ba ne, wannan kam ba za a yi masa ƙazafi ba. Lotsawa ce da za a iya ajiye kwano a ciki.

Nan take kowa ya zama gwani. Wani ya ce tayoyin sun suɗe. Wani ya danna ɗaya da babban yatsa ya ce wa ya hura wannan, dutse ne. Wani ya rantse ido ne, don tun da aka sauke kaya ya ga wani yana kallon motar bai ce masha Allah ba.

"Gishirin ne," in ji Yaya. "Yau da laima."

"Gishirin da na bi yanzu?" in ji ɗan Sudan yana kwance igiya daga motarsa. "Tayar baya ce take tura ta, da nauyi take danne ƙasa. Ka kwashe nauyin, ka cika ta da iska har ba ta taka ƙasa sai da tsakiyarta, sannan ka tuƙa ta kamar ta jiya. Da mai kayan nan kuke shan kwanar, kai da shi. Halas, shi ke nan, riƙe nan."

Yaya ya riƙe igiyar. Shi ne abu na farko da aka gaya masa a ranar ya yi.

Aka jawo ta, aka mayar da kayan. Da aka ɗora injin niƙa motar ta sauke bayanta ta zauna yadda na san ta. A hanyar gida ko sau ɗaya ba ta yi gardama ba, duk kwanar da ya sha ta bi, abin da ya ƙara ɓata wa Yaya rai. Ɗan Sudan yana biye da mu, wai ko wani abu ya kwance a ƙasa.

Dabarar Yaya ta ƙarshe ita ce ya shiga lungu ta ɗaya bakin, ya manna ɓangaren da ya lotsa da bango. Baba yana zaune a ƙofar gida, an idar da magariba. Tun da aka sayi motar hancinta yake kallon masallaci, yau ga shi yana kallon teku. Baba ya tashi yana dafe da baya, ya dubi baƙin taɓon da ke jikin tayoyin, ya juyo gare ni.

"Ke, ya Gwaggon taki?"

"Ban gan ta ba, Baba."

"Ta tare a sabkha ne?"

Na dubi ƙasa. Ya matsa tsakanin motar da bango, ya shafa ƙofar da tafin hannu, ya daɗe hannunsa yana cikin ramin. Sannan ya sa Yaya ya buɗe shanɗa. Gishiri ya manne a bargunan.

"Amanar mutum ka sauke a ƙasa?"

"Ba a taɓa komai ba, Baba. Ita ta zauna a kai tana gadi."

"Madalla. Ashe har da tsari aka yi." Ya miƙa hannu. "Kawo."

Yaya ya sa makullin a tafinsa. Ya koma gefe ya tsaya.

A nan ne ɗan Sudan ya matso ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce in an yarda a kawo ta garejinsu ya buge ƙofar ta ciki. Baba ya tambaye shi ɗan wane gida ne, ya gaya masa. Da zai tafi, Baba ya tsaya yana kallon yadda ya fitar da tsohuwar motarsa daga lungunmu da baya, bai taɓa ko bokitin maƙwabta ba.

Ciwon bayan Baba bai warke ba kafin watan aikin hajji, alhazai kuwa ba sa jiran bayan kowa. Ɗan Sudan ne ya yi jigilar shekarar. Kullum da safe yakan zo ya karɓi makulli, ya tuƙa motar kamar ƙwai ya ɗauko, har tsofaffin alhazai suna yi masa addu'a. Kuma da yake mutum ne mai son tsabta, shagon kawunmu yake kai fararen rigunansa.

Wata rana Umma ta aike ni da abincin Yaya. Na same shi yana hura gawayin dutsen guga, ga rigar direban Baba a shimfiɗe a gabansa, yana yi wa wani mai jiran wando bayani.

"Tayoyin ne, wallahi. Da sababbi ne da ko ƙurata bai gani ba. Ga ta nan, tana wurin. Ustaza, gaya masa."

Na ajiye kwanon. "Yaya, hannun rigar yana ƙonewa."