Gwangwanin Yaya Sidi Ya Yi Shiru

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sidi, amma sai a watan jiya muryarsa ta bar gidanmu. Tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Gyaran rediyo ya koya a Maradi. Da ya zo nan sai ya samu aiki a wani shagon kayan lantarki a Manhattan, kullum ya hau jirgin ruwa a St. George ya tsallaka. Yaya matsoraci ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. In ya shiga gidanki, kafin ya gama sallama ya ɗora bayan hannunsa a bango kusa da soket, yana shinshina iska. Mukan ce ya zo gaida bango.

Wata shekara da sanyi hita, na'urar ɗumama ɗaki, ta kama da wuta ta cinye ɗakin wani ɗan garinmu, Allah Ya tsare rai. Daga nan Yaya ya duƙufa. Ya ƙera wata na'ura a cikin gwangwanin biskit, wadda in wayar lantarki ta ɗau zafi za ta yanke wuta da kanta. Bai yarda da ƙararrawa ba, ya ce Bahaushe zai kashe ta ya ci gaba da hira. Sai ya naɗi muryarsa ya sa a ciki: "Ku cire! Waya ta yi zafi, ku cire!" Daga Tompkinsville har Flatbush, ba a rasa gwangwanin Sidi a gidajen mutanenmu. Bai yi masa rajista ba, bai koya wa kowa ba. Kullum cewa yake da sauran gyara.

Yau kusan duk an zubar da su. Namu ne ya rage, a gindin matakala, ita ce kuma hanya ɗaya tak ta sauka daga benen da nake kwana da jikata.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga zamanin nan. Ɗana Hamza abinci yake kai wa mutane a keken lantarki, shi da abokinsa, kuma a gindin matakalar suke cajin batir. Kowa a garin nan ya ji yadda batiran nan ke kamawa, ba sa ba mutum damar neman takalmi. Gwangwanin kuwa bai san da zamansu ba lokacin da aka ƙera shi, zafi kawai ya sani. Sau uku, sau huɗu a yini kawun Hamza na yi masa tsawa daga bango.

"Inna, abin nan ya tsufa," in ji Hamza. "Kullum yana yanke mana wuta, sai in fita dilibari da rabin caji."

Ban ga laifinsa ba, da keken yake ciyar da 'yarsa. Amma na ce ba mai taɓa gwangwanin ina raye.

Sai aka yi kwanaki ban ji muryar ba. Wata rana bayan azahar, jikata na barci a sama, na sauko zan tafi shago, hannuna ya kai bango shi kaɗai. Zafi kamar murfin tukunya. Na bi da ido, ashe Hamza bai taɓa gwangwanin ba, kamar yadda na ce. Doguwar waya ya jawo daga wani soket, ya kewaye shi. Batir ɗin ya kumbura, yana wani wari mai zaƙi-zaƙi. Ban san yadda na fizge fulogin ba, na dai san ina kiran sunan yarinyar.

Hamza ne ya fitar da batir ɗin bayan gida da shebur. Da ya dawo, sai ya danna maɓallin gwaji a gwangwanin. Yaya ya ce, "Ku ci…" sai ya tsaya. Muka sake dannawa, shiru. Mun kai wa masu gyara biyu, kowanne ya buɗe ya duba, ya girgiza kai ya mayar da murfi.

Yanzu a waje suke caji. Amma ganye ya fara zuba, sanyi na tafe, kuma batir ba ya cin caji a cikin ƙanƙara. Na san za su dawo da shi ciki, su ma sun sani.

To, me ya rage na Sidi? Ba sunansa a jikin komai. Waɗanda gwangwaninsa ya tsare ba su ma san an tsare su ba, don gobarar da ba ta tashi ba ba a ba da labarinta. Abin da ya bar mini shi ne bayan hannu da tsoro. Safe da yamma ina sauka in gaida bango, yadda muke yi masa dariya. Ni ce gwangwanin gidan nan yanzu, kuma na girmi wancan da shekara arba'in.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Allah Ya sa in ji zafin a kan lokaci.