Baturen Albasa da Tabarmar Babanmu

Ranar wata Asabar cikin watan Maris na 1983, muna fadamarmu ta Danchadi muna cirar albasa, sai ga wani dogon Bature ya sauko daga mota, ya tsugunna cikin laka, ya zare albasa guda ya gatsa kamar mangwaro. Hawaye na zuba, shi kuwa sai tauna yake yana ɗaga wa babanmu babban yatsa. Ni da ƙanwata Saratu muka yi dariya har muka kifar da kwandonmu. Ina aji huɗu lokacin, kuma ban taɓa ganin babban mutum ya yi irin wannan wauta da rana tsaka ba.

Mutumin Ingila ne, mu dai Baturen Albasa muke ce masa. Kai, mutumin nan ba ya jin tsoron asara! Da bakinsa ya ba babanmu labari cewa ya yi jigilar kifi a ƙasarsu jirgin ya nutse, ya zo Sakkwato ya shiga fataucin fata ya karye, ya gwada sayar da ƙanƙara wuta ta hana shi. Yana faɗa yana ƙyaƙyata dariya. Yanzu kuma ya gina ƙaton shago na kwano a bakin hanyar Bodinga zuwa Shagari, da janareta da fankoki, wai a zuba albasa ta kai har tsakiyar damina lokacin da take tsada. Cikin gurguwar Hausarsa yakan ce, "Gwada, gwada, sai an gwada."

Mu kuwa a rudu muke ajiya, wato rumfar kara da ake ɗagawa bisa ƙasa iska na ratsa ta ta ko'ina. Babanmu, Malam Umaru, shi ne wanda manoman unguwarmu ke jin maganarsa; kullum da la'asar tabarmar ƙofar gidanmu cike take, ni ke kai musu ruwa in koma wasan carafke. Baturen ya shiga ransa. Bayan sallar Juma'a babanmu ya tashi gaban jama'a ya ce, "Na tsaya mai." A wajenmu, in dattijo ya faɗi haka, ba ya rage komai a gefe, don kada a ce yana shakkar maganar kansa. Sai ya rushe rudunsa, ya kwashe albasarmu duka har da wadda ya ware ta iri tun daga hannun kakanmu, ya kai shagon. Inna ta yi magana, ya yi kamar bai ji ba. Maƙwabta da suka ga haka suka bi shi da jakunansu ɗauke da tasu albasar.

Wata biyu komai lafiya. Sai janareta ya mutu, ga shi lokacin tsuke bakin aljihu ne, an hana shigo da kaya, ƙarfen da ya lalace babu shi ko a Kano. Baturen ya tafi har Ikko nema. Kwano ya ɗauki zafi, albasa ta fara ruwa, wari ya kai har makarantarmu. Damina kuma ta zo da ƙarancin ruwa, gero ya tsaya iya gwiwa.

Ba wanda ya zagi babanmu, da ma sun zage shi da ya fi sauƙi. Daina zuwa kawai suka yi. Kullum sai ya shimfiɗa tabarma ya zauna shi kaɗai da carbinsa har magariba, ni kuma in kai ruwa in dawo da shi ba a taɓa ba. Wallahi na tsani Baturen nan a kwanakin, na yi ta roƙon Allah kada ya dawo.

Ya dawo, ya rame, hannu wofi. Kowa ya ɗauka sallama ya zo yi, ashe motarsa ya sayar ya sayo gero. Ya ari jakinmu ya bi gida gida da ƙafa, a kowace ƙofa ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya ce, "Laifi nawa, Malam Umaru babu laifi." Geron bai kai rabin abin da aka rasa ba. Da ya gama ya hau bayan motar itace ya tafi, daga baya muka ji wai yana harhaɗa kwalekwale a Yawuri.

Kwana uku bayan tafiyarsa, Baba Ɗanjuma, wanda ya fi kowa asara, ya zo ya zauna kan tabarmar, ya kwance wani ɗan ƙulli daga bakin rawaninsa ya tura gaban babanmu. Irin albasa ne. Baba Ɗanjuma ya dube ni ya ce, "Ke ɗiyata, mi kike jira? Kawo muna ruwa." Na ruga cikin gida ina kuka, Inna ta zaci wani abu ya cije ni.

Yau masu sabbin dabaru suna yawan zuwa garinmu da manyan motoci, in abu ya lalace sai lambar wayarsu ta daina shiga. Dattawa ma sun daina tsaya wa kowa, kuma ban ga laifinsu ba. Ni dai na ga lokacin da mutum ke dawowa ya durƙusa, kuma ina kewarsa.