Taki Ashirin Tsakanina da Hasana

Ranar Talata ce, kwanana goma sha tara da haihuwa. Tagwaye na haifa, bakwaini, Hasana da Husaina, kowacce ba ta kai damtsena ba. Malamar asibitin Madawa ta koya mini in ɗaura su a ƙirji, fata da fata. Matan garinmu suka yi ta dariya, wai na juya goyo. Su yi ta yi. Ni na san abin da na gani: ɗiya tana tsala kuka, jiki na ɓari, in ɗora tafin hannu a bayanta, sai numfashinta ya bi nawa, ta yi luf.

Ƙarfe bakwai Inna, uwar mijina, ta sauke ruwan wankan jego. Mijina yana gona tun asuba. Na kwance Hasana na miƙa wa Inna. Ban kai ga kwance Husaina ba na ji rugugin babura daga gabas. Sai harbi.

Wani cikin masu baburan ya daka tsawa: "Kowa ya kwanta! Ina bisashen?"

Muka tsallake danga muka faɗa cikin hatsi. Inna ta yi dama da Hasana naɗe a zane, ni na yi hagu. Muka kwanta. Taki ashirin ne tsakaninmu, ina hango ɗankwalinta.

Babur ɗaya ya tsaya a bakin gonar. Mutum biyu, da bindigogi. Har warin tabarsu ina ji.

Hasana ta fara kuka. Na san kukan nan, ba na yunwa ba ne, jikina take nema. Husaina kuwa barcinta take a ƙirjina, ana wannan harbi. Na fara jan ciki. Karan hatsi ya motsa. Inna ta girgiza mini kai, hawaye na zuba, ta danna zanen a bakin yarinyar. Kukan ya ɗauke.

Su kuwa 'yan banzan, gardamar rabon awaki suke yi, suna dariya! Wallahi ko jin ta ba su yi ba. Sai ƙarfe tara suka tafi.

Na fizge Hasana daga hannun Inna na manna a ƙirjina, na shafa, na shafa. Haka na taka da su biyun har garin Bangi. Muka shiga da la'asar, ɗaya da ɗumi, ɗaya ta yi sanyi.

Kada wanda ya ce mini Inna ce ta kashe ta. Tsohuwar nan ba ta sake duban idona ba har ta rasu. Masu baburan nan ne suka kashe Hasana, kuma ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da su.

Bana Husaina shekararta biyu. In ta ji ƙarar babur, da kanta take kamo hannuna ta ɗora a bayanta. Ɗayan hannun nakan rasa inda zan sa shi.